Sista Yemima Ba Ta Son Jin "Da Sauƙi"

A jikin kowane sirinji da Sista Yemima ta yi aiki da shi akwai ɗan karcen farce. Kafin ta zuƙi magani sai ta je bakin taga, ta ɗaga sirinjin dab da hancinta har ta gano layin da take nema, ta kafa farcen babban yatsanta a wurin. Daga nan yatsa ke aikin, ba ido ba. Masu zuwa asibitin sun ɗauka tsabar kula ce. Har yabonta suke yi, wai Sista ba ta wasa da awon magani.

Ita kaɗai ce nas a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke bayan Manchok, ɗaki biyu da baranda. A Gidan Waya aka haife ta. Mahaifinta ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, uwarta kuma tana noman citta. Yemima tana sakandare uwar ta kwanta da ciwon ciki, damina guda cur. Duk wanda ya shigo ya ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi. Haka ta gaya wa fasto, haka ta gaya wa matan zumunta, haka ta gaya wa mijinta. Ran da aka kai ta babban asibiti, likita ya tambayi abin da ya hana a kawo ta da wuri. Ba ta dawo gida ba.

Shi ya sa tun da Yemima ta fara aiki take yaƙi da wannan kalma. Duk Talata, ranar riga-kafi, mata kan cika baranda da goyo, ita kuma ta tsaya a tsakiyarsu tana koyarwa. Takan fara da Zipora, wata mai sayar da ƙosai da ba ta rasa amsa.

"Zipora, yaya jikin yaro?"

"Da sauƙi, Sista."

"Ya ci abinci?"

"Bai ci ba."

"Zawon ya tsaya?"

"Bai tsaya ba."

"To sauƙin yana ina? Kin bar shi a kaskon ƙosai ne?"

Mata su kwashe da dariya. Zipora ta gyara goyonta ta ce, "Haba Sista, in ce ba sauƙi, kamar ina kai ƙarar Allah?"

"Allah ya riga ya sani, ni ce ban sani ba. A coci ki ce da sauƙi, a kasuwa ki ce da sauƙi. Amma in kin hau barandan nan, ki nuna mini inda yake ciwo."

Shekara da shekaru tana wannan, har wasu suka koya. Sai ciwon suga ya kama ta, ya bi ta a hankali har ya kai ga ido. Da farko rubutun kwalba ne ya soma gudu. Daga baya fuskokin mutane suka zama kamar ana hango su ta gilashin da aka shafa wa mai. Likitan ido a Kafanchan ya ce ciwon ya taɓa can bayan idon, tabarau ba zai yi komai ba, kuma abin da ya tafi ya tafi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san abin da zai biyo baya. An sha turo mata abokan aiki, ba wanda ya zauna. Wata ta nemi canji zuwa Kaduna, wani ya tafi ƙasar waje. In ta buɗe baki za a ce ta je ta huta, a sa wa ƙofar kwaɗo, mai naƙuda kuma ta hau acaɓa a kan hanyar da ruwa ya cinye.

Wata Alhamis wata yarinya mai suna Hellen ta zo daga makarantar koyon aikin jinya. Ta ce bincike take yi a kan lafiyar nas-nas ɗin karkara, su da kansu, ba marasa lafiyarsu ba. Ta ajiye wayarta a kan tebur tana ɗaukar magana. Yemima ta ba ta labarin rufin da ke yoyo da firijin da ba wuta. Yarinyar ta saurara da ladabi, can ta sassauta murya.

"Mama, na ga kina yawan murza ido. Yaya idon?"

Saura kaɗan Yemima ta faɗa mata gaskiya. Yarinyar nan ce ta farko da ta taɓa tambayarta. Amma wayar tana nan a kan tebur, kuma ba ta san kunnen da maganar za ta faɗa ba.

"Da sauƙi, 'yata," in ji ta.

Hellen ta yi godiya, ta bi motar Kafanchan.

Da la'asar Musbahu ya shigo a guje. Ɗan kasuwa ne mai sayen citta yana kaiwa Kachia, kakanninsa ma a garin aka haife su. Matarsa na biye da shi, yana rungume da 'yarsa Zamzam, amai da gudawa sun zuƙe ta, ko kuka ba ta iyawa. Ƙarin ruwa take bukata nan take. Yemima ta ɗaure hannun, ta shafa, ta matso da shi bakin taga. Jijiyar yaron da ruwa ya ƙare masa ba ta jiyuwa a yatsa, sai an gan ta. Ta soka, ba jini. Ta koma ɗaya hannun. Ta koma ƙafa. Uwar yarinyar ta juya fuska bango tana salati.

"Sista, ko in haska miki da waya?" in ji Musbahu.

Ya haska. Hasken ya ƙara watsa mata komai. Ta ajiye allurar, ta haɗa ruwan gishiri da suga a gora, ta ce su riƙa ɗiga mata a baki, su nufi Kafanchan kada su tsaya ko'ina.

Washegari ta ji ƙarar babur ɗinsa, ta fito baranda. Ya dawo ɗaukar abinci da zannuwan matarsa ne, zai koma asibitin Kafanchan. Ya tsaya, bai kashe injin ba.

"Malam Musbahu, yaya jikin Zamzam?"

"Da sauƙi, Sista. Alhamdu lillahi."

Ta dubi fuskarsa, ba ta ga komai ba sai hula da duhu-duhu. Tambayoyin suna bakinta a jere: ta farka, ta sha nono, ta yi fitsari? Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin, ya ja babur.

Ranar ba ta taɓa sirinji ba. Wani dattijo ya zo allurarsa, ta ce masa ya daure ya je Manchok. Ya ce, "Yau kuma, Sista?" Ta ce e, yau kuma.

Da ta koma gida ta tarar maɓallin farar rigarta ya tsinke, yana cikin aljihu. Ta zauna a ƙofar ɗaki da allura da zare, ta lasa bakin zaren, ta yi ta nema masa kafar allura har rana ta sauka. Daga ƙarshe ta mayar da su cikin gwangwani, ta laluba ta ɗauko fil ta maƙale rigar, ta rataye ta a ƙusa saboda gobe.