Ƙwaryar Nonon Adda

Gumsu Mele 'yar Kanya Babba ce, Babarbariya, ita ce mace ta farko a unguwarsu da ta sa fararen kayan nas. Ga faɗa, ga tsaftar tsiya. In ka tofar da yawu a ƙofar ɗakin shan maganinta na Gwiwa, wallahi sai ka gwammace ciwonka. Amma akwai wani gado a jikin taga da ba ta son kallo.

A kan gadon nan Shatu ta rasu. 'Yar Fulani ce daga wata ruga a hanyar Roni, cikin fari. Naƙuda ta yi tsawo, uwarta Adda ta kawo ta a kan jaki ranar kasuwa. Ɗakin cike yake da masu ihu, Gumsu kuwa a wurin aiki ta saba fara duba wanda ya fi ihu. Shatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ko uffan. In an ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi. Gumsu ta san kunyar haihuwar fari sarai, wa bai sani ba? Amma ba ta taɓa zaton kunya za ta danne irin wannan azaba ba. Da la'asar ta ɗaga zanen, ta tarar jini ya jiƙe katifa.

Abin da ya fi ci mata rai, Adda ba ta zarge ta ba. Kullum ranar kasuwa sai ta dire mata ƙwaryar nono.

"Ke Babarbariya, baiwata, ga abincin iyayen gidanki," sai ta tsokane ta da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Sannan ta sassauta murya. "Allah Ya yi miki albarka. A hannunki yarinyar nan ta tafi da mutuncinta, ba wanda ya ji kukanta."

"Amin, Inna," in ji Gumsu. Ba ta taɓa iya shan nonon ba, maƙwabta take ba wa. Ihun marasa lafiya ya daina damunta. Shiru take tsoro. In ɗakin ya yi tsit da azahar, sai ta ji kamar akwai mai kwance a jikin taga, tana jiran a ɗaga zane.

Da kuɗin fetur suka shigo, gwamnati ta fara ba nas-nas sukolashif su je Ibadan su karanci koyarwa, su dawo su horar da na baya. Gumsu ta nema. Tana sallamar masu karɓar magani sai ta baje littattafai a baranda, har idonta ya fara yaji. A Kano masu tantancewa suka tambaye ta me ya sa take son zama malama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da babu shi a littafi. So nake in sa shi a kunnen yara kafin su koye shi a kan gawa." Suka ɗauke ta, da sharaɗin duk wadda ba ta isa ranar buɗe makaranta ba, an ba wata gurbinta.

Ranar tafiya, wadda ta faɗo ranar kasuwa, Landiroba ta zo kai ta tashar jirgin ƙasa a Kano. An ɗora akwatinta ke nan sai ga Adda da jaki, a kansa Dela, ƙanwar Shatu, ita ma cikin fari. Fuska a rufe.

"Da sauƙi," in ji Dela, tun ba a tambaye ta ba.

Gumsu ta shigar da ita ɗakin. Ta kwantar da ita, ta ɗaga zane, ta ga abin da take tsoro. Ta fizge mayafin.

"Dela, dube ni! Ina ke miki ciwo? Faɗa! Yi ihu, don Allah yi ihu!"

Dela ta dubi uwarta, ta cije leɓe. Gumsu ta danna cikin, ta sake daka mata tsawa. Sai yarinyar ta kwarma ihu, har 'yan kasuwa suka waiwayo.

Gumsu ta sa aka sauke akwatin aka shimfiɗa Dela a motar. Direba ya ce, "Malama, jirgi fa ba ya jira." Ta ce ya ja su je asibitin Kazaure. Aka yi wa Dela aiki, Gumsu ta ba da jininta, ta kwana uku a gefen gadon. Uwa da ɗa suka rayu. Gurbin Ibadan kuwa aka ba wata.

Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba, don ta so karatun nan kamar ranta. Ta sake nema, ba a dace ba. A Gwiwa ta tsufa, duk sabuwar nas da aka turo mata sai ta kai ta jikin taga ta ce, "Mai shiru za ki fara dubawa."

Ranar kasuwar da ta biyo bayan sunan jaririn, Adda ta zo hannu sake. Ba wasa, ba baiwata.

"Malama, kin kunyata mu. Duk Gwiwa ta ji muryar yarinyar nan."

"Ta ji, Inna."

Adda ta juya, ba ta ƙara kawo nono ba. Gumsu ta shiga kasuwa ta sayi nata, ta zauna a bakin gadon jikin taga, ta shanye shi tas.