Mai Nuna Sifiri a Hanyar Gela

Ina zaune da carbina ina jiran bas ɗin garin Gela, idona na kan wani tsoho a ƙaramin gidan mai da ke tsallaken titi. Rigar aikinsa ta koɗe, amma ta sha guga. Ko matarsa na raye, ko kaɗaici ya koya masa.

Ga motar kifi ta tsaya.

"Baba Saverio, ba su kore ka ba har yanzu?" in ji direban. "Injin can gaba da mutum ke zuba wa kansa ya fi ka araha!"

Tsohon ya ce, "Kamfani ɗaya ke yanka mana farashi, ɗan nema. Dokar da za ta bar mu mu sayo mai inda muka ga dama, manyansu sun bi Roma ofis-ofis har ta mutu. A Disamba za su karɓe wurin."

"To zuba na Yuro ashirin kafin a binne ka."

Bai zuba ba. Yana ƙwanƙwasa gilashin famfo da farce, don mai saye ya shaida lamba ta koma sifiri. Haka ake yi a da. Mijina, marigayi Ignazio, kan leƙo ya duba, ya taɓa hula, su shiga hirar damina.

Direban yana latsa waya. Tsohon ya sake ƙwanƙwasawa, yana tsaye da bututu a hannu.

Daga inda nake ba na hango lambar, amma na gyaɗa masa kai. Ya gan ni, sai ya soma zubawa.