Pak Ngah Seman da Tukunyar Biki

Lokacin da nake karatu a Glasgow, wata malama ta tambaye ni yadda muke cewa mutum ba ya son yin abu a harshen Malay. Na ce mata "enggan", domin haka ƙamus ya ce. Har yau ina shakkar amsar nan. A ƙauyenmu da ke jihar Kedah ban taɓa jin wani ya kira kansa enggan ba. "Segan" muke cewa, wato jin nauyi, kuma mai jin nauyi yakan tashi ya aikata abin da zuciyarsa ta ƙi.

Ƙanen mahaifina, Pak Ngah Seman, shi ke dafa shinkafar biki tun yana saurayi. Kowane aure a ƙauyen, shi ne tsaye gaban babbar tukunya tun safe, hayaƙin itace a ido, yana juyawa da muciya mai tsawon mutum. Noma ne sana'arsa; girkin nan kyauta yake yi.

Shekarar da na dawo, ciwon suga ya buɗe masa gyambo a babban yatsan ƙafa. A gabana likita ya ce in ya ci gaba da doguwar tsayuwa, yanke yatsan za a yi.

Ana haka Hajah Lijah, maƙwabciyarmu, ta hawo matakalar gidansa, za ta aurar da autanta. Ta sha shayi, ta yaba ayabar da aka soya, ta kalli ƙafar da ke naɗe ta kau da kai.

"Seman, ka dai san tukunyar nan ba ta san hannun kowa ba sai naka."

"Ai ke ma ba ki san bakin kowa ba sai naki," in ji shi. Suka yi dariya. Sannan ya ce, "Insha Allahu."

Na bi ta har bakin hanya, na kira ta Mak Cik, wato goggo. "Mak Cik, kin ga ƙafarsa fa. Ga masu girki a birni."

"Na gani, 'yar nan, ba makauniya ba ce ni. In na ɗauko 'yan birni, gobe a masallaci za a ce Seman ya ƙare. Ni segan nake. Shi ya ce ba zai iya ba mana, wallahi da na fi kowa murna."

Na koma na faɗa masa. Ya harare ni. "Ke Baturiya, can aka koya miki a kori maƙwabci da baki? Matar nan ita ta wanke gawar uwata."

Ranar bikin na roƙa aka kai masa kujera wurin girki. Ya zauna har aka hura wuta. Da samari suka fara juyawa sai kowa ya waiwayo yana kallonsa, don girmamawa, shi kuma ya miƙe. Bai sake zama ba sai bayan azahar. Shinkafar ta yi kyau. Da yamma matarsa ta kwance ƙyallen ƙafar, ta fita waje ta yi kuka.

Yatsu uku aka cire masa a asibitin birni. Hajah Lijah ta zo da abinci, ta kasa shiga ɗakin, ta miƙa mini a bakin ƙofa ta juya.

Na zauna gefen gadon ina ɓare masa lemo. Na daɗe ina juya tambayar, domin ni ma nauyinsa nake ji.

"Pak Ngah, ranar nan, kai kana so ka je?"

Ya dubi rufin ɗakin. "Ko kaɗan. Tun bara na gaji da tukunyar nan. Kowa tambayata yake ko zan iya. Ke kaɗai kika tambaya ko ina so, ke ma sai da aka yanke."