Turmin da Iya Ta Saurara

Ranar wata Laraba ce, a shekarar farin tamanin da huɗu, a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Ina da shekara tara, ni da mahaifiyata Inna muna lugude a gindin darbejiya, amma abin da ke cikin turmin ƙaiƙayi ne zalla. Rumbu ya daɗe da ƙarewa, Baba ya tafi birni ci-rani, mu kuwa kwaɗon tafasa ne abincinmu. Ɗan garin da ya rage a tulu, Inna ta keɓe shi don kunun Iya, kakata makauniya. Ta san idan Iya ta gane babu, ko za a yanka ta ba za ta sha ba. Shi ya sa kullum hantsi muke wannan dakan ƙarya, don tsohuwa ta ji gida na motsi.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na samu ganima. Duk sanda na kai mata ƙwarya sai ta kurɓa ta yatsine fuska, ta ce, "Ƙawata, wannan ya yi mini tsami, shanye." In kafa kai har in lashe ludayi.

Ran nan muna cikin daka sai muka ji muryarta daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa: "Ku huta haka nan, bayin Allah. Gero rungumar taɓarya yake yi, wannan kuwa itace ke dukan itace. Tun ranar farko nake ji."

Innalillahi! Taɓarya ta suɓuce wa Inna. Ni kuma a lokacin na gane kunun bai taɓa tsami ba. Mako biyu cur ina shanye abincin tsohuwa! Iya ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba, ta rasu kafin sabon gero ya nuna.

Yau aikina a jami'a shi ne koya wa kwamfuta kwaikwayon yadda kunne ke rarrabe sauti ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Da na je gida bara, inda injin niƙa ya kusa kore turmi, na sa aka daka mini gero, aka daka ƙaiƙayi, na naɗo sautin kowanne na koma da shi wurin aiki. Nan take na'urar ta bambance su, abokan aikina suna ta murna. Ni dai fita na yi waje. Iya ma ta bambance, sannan ta miƙo mini ƙwaryarta.