Gurbin Zare a Haƙorin Yaya

Sallar asuba muka idar muka kama hanyar Jos daga Bauchi, ni da Umma da Kawu. Kwana uku ke nan da wata tankar mai ta kife a gangaren shiga gari, wuta ta cinye motocin da ke bayanta. Yayana, tela ne a unguwar Dilimi a Jos, ran nan ya bar gida zai koma shagonsa. Tun daga lokacin wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

A tasha kwandasta ya cusa mu da wani fasinja, mu huɗu a kujerar mutum uku, ya ce ai sanyin Jos zai sa mu gode masa. Ba wanda ya yi dariya. Mun wuce Toro ana yayyafi, duwatsu sun hau kan juna kamar an jera su da hannu. A Tilden Fulani mata suka miƙo karas da dankalin Turawa ta taga. Umma ta sayi masa guda biyar, ta ƙulle a gefen mayafi. Na san ba don mu ta saya ba.

Abin da na fara lura da shi a harabar asibitin shi ne kowa na rungume da hoto. Tsofaffi daga Tudun Wada, wani fasto, mata masu goyo, duk layi ɗaya. Aka ce wuta ba ta bar fuska ba, sai haƙora, shi ya sa aka kawo likitocin haƙori na soja. Gawar da ba a gane ba zuwa gobe, a rami ɗaya za a haɗa su.

Sai bayan azahar layi ya zo kanmu. Likitar mace ce, kaki a ƙarƙashin farar riga, hannuwanta sun yi fari-fari saboda safar roba. Hausarta irin ta Jos ce, "kai" take ce wa Umma.

Ta tambayi katin asibitin haƙori. Kawu ya ce a gidanmu in haƙori ya dame ka kanumfari ake cusa masa. Ta duba hotunan da muka kawo, guda uku, duk Yaya ya tsuke baki kamar mai ɗaukar hoton katin zaɓe.

"Mama, kai ne ka haife shi. Yaya haƙorinsa yake?"

Umma ta sunkuyar da kai. Yaya ɗan fari ne. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta ƙura masa ido. Shekara ashirin da shida "wancan" take ce masa.

"Fari ne," in ji ta a hankali.

Likitar ta ajiye biro. Na ga ta dubi wanda ke bayanmu.

Ni a aji ko malam ya kira sunana muryata ba ta fita. Amma duk hutu ina zama gefen keken ɗinkin Yaya yana gyara mini kayan makaranta, kuma bai taɓa neman almakashi don zare ba. Na ce haƙorinsa na gaba, na sama, ɓangaren hagu, yana da ɗan gurbi inda yake datse zare. Na ce na can ciki a ƙasa ya fita tun bara, da dama kaɗai yake tauna.

Ta sake ɗaukar biro. "Ƙanwata, sake faɗa mini, sannu-sannu."

Ta shiga ciki. Muka zauna a benci kusan awa guda. Umma tana ta gaya wa Kawu wataƙila wayar aka sace, wataƙila Kaduna ya wuce sayen yadi. Da likitar ta fito ba mu ta fara duba ba, ƙasa ta duba. Ta ce gawa mai lamba goma sha bakwai ce.

Maza suka kai shi makabarta kafin magariba. Mu muka kwana wajen wata goggonmu a Dilimi. Kekensa na nan a shago, da wata riga rabin ɗinki a ƙarƙashin allura.

Washegari muka juyo. Wannan karon kujera ta ishe mu. Har muka isa Bauchi masar nan tana ƙulle a mayafin Umma. Kawu ya ce na yi ƙoƙari, na sama wa Yaya kabari nasa shi kaɗai. Abin da tafiyar ta koya mini daban ne. Da na yi shiru kamar kullum, da har yau Umma tana jiran wayarsa.

Da muka shiga gida ta zauna a tabarma ba ta cire mayafi ba. Na durƙusa a gabanta.

"Umma, yanzu ba zai ji ba. Don Allah ki faɗi sunansa sau ɗaya, in ji yadda yake a bakinki."