Takobi a Cikin Darni

Da hantsi na fita zuba wa awaki dusa, sai na ga darnin bayan gida ya buɗe baki a wurin da jiya lafiyarsa ƙalau. Wani ya raba karan da hannu, ya mayar, amma bai mayar daidai ba. Na sa hannu in gyara, yatsuna suka taɓa fata. Kube ne ja, da takobi a cikinsa, an soke shi tsaye a tsakanin kara yadda mai wucewa ba zai gani ba. Daga waje ga sawun raƙumi, ga na takalmi mai faɗi irin na Buzaye, ya zo har jikin darnin ya juya.

Ba mu daɗe da tarewa a gidan ba, can ƙarshen Tanut ta arewa, inda aka yanka sababbin filaye. Bayanmu babu kowa sai wata tsohuwar aduwa da daji. Maigidana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ranar kuwa yana Belbeji, an tura shi tsaron jarrabawa. Daga ni sai ɗiyata ta goye.

Shi ya so bayan gari. A cikin gari gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da mutane rututu, ko albasa ka soya sai an san ta. Ya ce nan ga fili, in yi kiwona, in shuka kuɓewa, ba mai leƙa tukunyata. Ni ma ban ƙi ba. Akwai iska, kuma ina iya zama da littafina ba wadda za ta ce Madam ta fi ƙarfin daka. Sai dai na faɗa masa famfo ya yi nisa, likita ya yi nisa, in na yi ihu kuma wa zai ji? Dariya ya yi, ya ce ihun me zan yi.

Ina tsaye da hannu a kan kuben nan, maganarsa ta dawo mini. Wa ya san ba ya nan? Ga-ruwa ya tambaye ni jiya, wai Mushe, haka suke kiran maigidana, ya yi tafiya ne. Tsohuwar da ke gidan gaba da mu, ita kaɗai ce maƙwabciyarmu, ita ma ta tambayi ranar dawowarsa. A lokacin, gaisuwa kawai na ɗauki tambayoyin. Yanzu kowace tambaya ta sake kama a kunnena. Na ce a raina mai takobin nan ya zo ya duba gidan ne, ya ajiye makaminsa kusa, zai dawo.

Na zare shi daga darnin. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Na kai ɗaki na tura ƙarƙashin gado, wai in ya dawo kada ya same shi. Na goya yarinya na ruga gidan tsohuwar, na tarar an kare ƙofa da ƙaya. Ranar kasuwa ce, unguwar duk an watse. In shiga gari kuwa sai na ratsa filin da raƙuma ke bi. Na koma, na kulle kaina a ɗaki.

Zafin ɗakin nan har yau ina jin sa. Filin da muka yi ta yabo, ranar ji na yi da ma bango ne a kowane gefe, da muryoyin matan gidan haya da nake gudu.

Bayan azahar na ji kukan raƙumi ana gurfanar da shi. Na leƙa ta taga. Dogon mutum ne, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Kai tsaye ya nufi wurin, ya sa hannu. Ya laluba, ya matsa gaba ya sake lalubawa. Sannan ya zagayo ƙofar gida ya yi sallama, Hausarsa a karye.

"Masu gida."

Na toshe wa yarinya baki da nono, ta ƙi, ta tsala kuka. Ya ji. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba. Ya koma gindin aduwa ya zauna yana fuskantar gidan. Wannan zaman ya fi komai tayar mini da hankali.

Da la'asar na ji muryar tsohuwar. Sun daɗe suna magana da shi, har ta yi dariya. Na ce a raina ashe da ita aka haɗa baki. Ta shigo ta buga mini ƙofa.

"Ƴar lakwal, buɗe."

"Ke kaɗai ce, Inna?"

"Ni da ƙwaryata. Ke kika ɗauke wa bawan Allah takobi?"

Na ce mata yana ƙarƙashin gado.

"To fito da shi, kin hana mutum tafiya, ga gidansu can wajen Tarka. Jandarma ba sa son ganin takobi a kasuwa, shi ya sa Buzaye ke ɓoyewa a bakin gari su shiga. Tun kan a haife ki a ƙayar gindin aduwar can suke sokewa. Kun zo kun share ƙayar kun kafa darni, ina kike so ya sa?"

"Me ya hana shi faɗa?"

"Ya faɗa wa wa? Gidan da ba namiji zai shiga? Duk bokon naku ba a koya muku wannan ba?"

Na buɗe ƙofa kaɗan, na miƙa mata takobin. Ban yarda na fito ba. Ta dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta kai masa ta dawo da cuku, busasshen nonon nan na Buzaye, guda biyu a hannu, wai ya ce a ba yarinyar da ya sa kuka.

"Wa zai ba jaririya cuku," in ji ta, ta gutsuri ɗaya. Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. "Zauna, ɗiyata. Ba abin da zai same ki. Ga shi can ya hau raƙuminsa. Yau nan zan kwana."

Na zauna kusa da ita, amma idona na kan darnin.