Ƙasar da ta Ci Wuta a Lambara

Mode na Lambara taubashina ne, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Ni tela ne a kasuwar Bodinga. Shi kuwa manomin rake ne, gajere mai faɗin tafin hannu, wanda ko gaisuwa ake yi sai ka ga yana murza wani abu a yatsunsa, in ba ƙasa ba, to ganye. Nakan ce masa ko a lahira sai an ba shi fartanya kafin hankalinsa ya kwanta.

Abin da ya gada wurin mahaifinsa, Malam Tukur, fadama ce a bayan gari. Ƙasarta baƙa wuluk, mai laushi, in ka taka ta lotsa, in ka ɗaga ƙafa ta dawo. Baƙin nan ba daga sama ya faɗo ba. Tun kaka da kakanni gidansu ba sa ƙona ganyen rake. In an yi sara, sai a shimfiɗa shi a gona ya ruɓe. Tsakiyar fadamar kuma, inda ruwa ke kwanciya cikin kacala da itatuwan giyayya, ba a noma ta sam. Malam Tukur yakan ce gefe na rake ne, tsakiya ta ƙasa ce.

A bakin gonar Mode ke yin mazarƙwaila. Doki na zagaya injin matsa, ruwan rake na zuba, a dafa shi a manyan kasake da busasshiyar tuƙa, wato abin da injin ya tofar. Kaɗan yake yi, kuma tana isar gidansa.

Sai zamanin farar hula ya zo da tsuke bakin aljihu, sukari ya yi ɓatan dabo a kantuna. Mazarƙwailar da ake wa kallon abin ƙauye ta zama amarya. Masu shayi da masu alewa har gona suke bin Mode. A lokacin kuwa wansa ya rasu ya bar masa 'ya'ya, ga nasa, ga hatsi ya yi tsada. Ya haƙa lambatu ya janye ruwan tsakiya, ya sare giyayyun, ya dasa rake har inda mahaifinsa bai taɓa sa fartanya ba. Tuƙa ta kasa ɗaukar dahuwar, itacen da ya sare ya bi ta cikin murhu. Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Raken ya yi kaurin dantse, ni na ɗinka masa babbar riga ta farko a rayuwarsa.

Bayan soja sun karɓi mulki, damina ta yi gardama. Fadamar da aka riga aka tsotse ta bushe, ta tsattsage. Ga tsutsa ta shiga raken tana cin zuciyarsa. Maƙwabta suka ce maganinta ɗaya, a ƙone ganye bayan sara, ƙwanta ya mutu. Su haka suke yi kullum a gonakinsu masu yashi, ba abin da ke faruwa.

Matarsa Rahamatu ta ce masa, "Malam, Baba hwa bai taɓa sa wuta ga wagga ƙasa ba."

Ya ce, "Baba bai ga tsutsa irin wagga ba. Sau guda na, Rahamatu. In ban yi ba, mi ɗiya za su ci baɗi?"

Da hantsi ya kunna. Kafin azahar ganyen ya cinye, ya koma gida. Washegari ya tarar hayaƙi na fitowa daga tsagar ƙasa, siriri, nan da can, ba harshen wuta ko ɗaya. Ruɓaɓɓen ganyen kakanninsa da saiwoyin kacala, da suka bushe a ƙarƙashi, su ne suka kama.

Da labari ya iske ni na rufe shago na tafi. Na same shi yana jido daga rijiyar da saura ƙiris ta ƙafe, yana zubawa a tsaga. Ya kashe nan, can ya tashi. Ƙasa ta yi zafi har ta cikin takalmi. Na ajiye tsokanar da na saba yi masa. Tausayinsa ya kama ni, na karɓi guga.

Malamin gona, Maniru, ya zo daga Shagari a kan babur. Ya tona, ya duba, ya ce baƙin da ke cikin ƙasar nan abin da ganye ya zuƙo daga iska ne shekara da shekaru ya ajiye a ƙasa, yanzu yana komawa sama cikin hayaƙi. Ya ce tun ranar da aka janye ruwan ya fara tafiya a hankali, wuta ta dai ƙara masa sauri ne.

Mode ya ce, "Ranka shi daɗe, to ƙaƙa za a tsai da shi?"

Maniru ya ce a haƙa rami a kewaye, sauran kuma sai ruwan sama. Muka haƙa. Muka tsaya muna kallon tsakiyar tana ci, har ta gaji don kanta.

Abin da ya rage fari ne fat, ya lotsa, in ka ɗiba ya zube ta tsakanin yatsu. Rake ya ƙi. Albasa ta fito kamar goro. Mode ya sayar da dokin, ya sayi jaki, ya shiga bin gonakin mutane yana roƙon ganyen rakensu kafin su ƙona. Ya labta, ya kawo, ya shimfiɗa. Kowace shekara haka, har furfura ta cika masa gemu, yaran da ya yi domin su duk suka tafi ci-rani.

Zuwana na ƙarshe na ce masa, "Tobashi, har yau kana yi ma ƙasa shimhiɗa? Ta hi ka jin daɗi."

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya kau da ganyen, ya tona da ɗan yatsa, ya nuna mini wani baƙin layi a saman farar ƙasar, bai fi kaurin farce ba.

Ya ce, "Ga nawa, tun wancan lokaci. Na Baba ya kai gwiwa."

Ya mayar da ganyen ya rufe wurin a hankali, ya tashi ya kwance jakinsa.